Dagwalon da muka yaso daga kwata: ta yaya za a busar da shi kafin ruwa ya sauka?

Sakataren Unguwa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin. Duk shekara matasan layinmu a nan Kaduna suna fitowa aikin gayya su yashe kwatoci kafin damina, wasu har gwiwa suke shiga. Amma abin da aka yaso a bakin kwatar ake tula shi, don masu tifa ba sa yarda su ɗauki dagwalo jiƙe, wai yana tsiyaya a titi yana ɓata musu mota. Kafin ya bushe yara da awaki sun tattake shi, Keke ya bi ta kai, ruwan farko na sauka rabinsa ya koma inda ya fito. Bana muna so mu sauya. Wani ya ce a shanya a fili, wani ya ce a zuba a buhuna, wani ma ya ce akwai injin da ke matse shi. Wanne ya fi, kuma wanne aljihun unguwa zai iya ɗauka?

Mai Fond, Mando:
Wa alaikumus salam Sakatare. Ni tarwaɗa nake kiwo, laka ba baƙuwata ba ce. In na kwashe kifi na sauke ruwan fond, barin ƙasan nake yi rana ta buge shi har ya tsattsage, tsagar ta yi zurfin da yatsa zai shige. A Janairu ko Fabrairu mako biyu zuwa uku ya isa, saboda iskar hunturu ba ta barin danshi. Abu ɗaya kawai zan ja muku kunne a kai: kada ku tula shi tsibi. In ka tula, sama ya yi ɓawo ka ɗauka ya bushe, ka soka shebur ka tarar cikin caɓal yake, ga ɗoyi. Baza shi za ku yi, kaurinsa kada ya wuce taƙi ɗaya, a riƙa juya shi da manjagara.

Sakataren Unguwa, Tudun Wada:
Na gode Malam. To amma ina filin? Kai a Mando kana da wuri. Mu layinmu mota biyu ba sa giftawa.

Injiniyan Ruwa:
Sakatare, kafin a zaɓi hanya sai an san wace irin laka ce a hannu, domin ba ɗaya suke ba. Ta kwata yawancinta yashi ne da ƙasa da ledar fiyawota, tana sakin ruwa da wuri. Ta fond tana da laushi, ragowar abinci da kashin kifi ne. Ta sokawe da masai kusan duk ruwa ce. Ta gidan ruwa, wadda alam ya kwantar, ta fi kowace taurin kai. Hanyar da ta yi wa wannan daidai ba lallai ta yi wa waccan ba.

Sannan ruwan da ke cikin laka iri biyu ne a aikace. Akwai wanda zai tsane da kansa in ka ba shi hanya, akwai wanda ya manne, sai rana ko iska ko wuta ta ɗauke shi. Ku duba wannan lissafin. Laka mai nauyin kilo 1,000 wadda busasshen abin cikinta kashi 2 cikin 100 ne, kilo 20 ke nan, saura kilo 980 ruwa ne. In ka tsane ta har busasshen ya zama kashi 20 cikin 100, gaba ɗayanta ta koma kilo 100. Wato kilo 900 na ruwa ya fita tun kafin ta yi kama da busasshiya, har yanzu a ido kwaɓaɓɓiya ce. Daga nan zuwa kashi 40 cikin 100 kilo 50 kacal za ka ƙara cirewa, amma shi ne mai cin lokaci. Don haka babban aikin tsanewa ne, shanya tana biyo baya. Wanda ya shimfiɗa laka a kan siminti ko leda ya bar wa rana duk aikin, ya ɗora mata abin da yashi zai yi masa cikin kwana biyu ko uku.

Abin da aka fi amfani da shi a ƙasashe masu zafi shi ne gadon yashi. A gina fili da bulo kewaye, ƙasansa ya ɗan gangara, a shimfiɗa bututu mai huji, a zuba manyan tsakuwa, a bi da ƙanana, a rufe da yashi mai kaurin santimita 10 zuwa 15. A kai ake zuba laka, kada ta wuce santimita 20 zuwa 30. A rani kwana 10 zuwa 15 ana iya kwashe ta da shebur.

Direban Motar Yasa:
Injiniya ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu da muke zuƙe sokawe, abin da muke ɗauka ruwa ne tsululu, kuma babbar wahalar sana'ar nan ba zuƙowa ba ce, inda za a juye ne. Da rani manoma da kansu suke roƙonmu mu juye musu a gona, su bar shi ya bushe kafin shuka. Da damina kuwa ba mai so, hanyar gonar ma ba ta biyuwa. Da akwai irin wannan gadon a Rigasa ɗaya, a Kawo ɗaya, a kudancin gari ɗaya, wallahi ni zan biya kuɗin juyewa da farin ciki, don man da nake ƙonawa in fita bayan gari ya fi haka.

Amma ina da tambaya. Na lura na sokawen gida da ya daɗe, baƙi ne, in an juye nan da nan ruwan ya rabu. Na banɗakin kasuwa da na tasha kuwa ruwan ɗorawa ne, ya fi wari, kuma sai ya yi ta zama bai tsane ba. Me ke kawo haka?

Injiniyan Ruwa:
Malam direba, idonka ya gani daidai. Na gida ya shekara a rami ya riga ya ruɓe, shi ya sa yake sakin ruwa. Na kasuwa ɗanye ne, kullum ana kwashewa, in ka zuba shi shi kaɗai a gadon yashi toshe yashin yake yi. A Kumasi ta ƙasar Gana, inda aka gwada gadon yashi da haɗa taki a Buobai, gauraya su aka yi, kashi ɗaya na banɗakin jama'a da kashi biyu na sokawen gida, sannan ya tsane yadda ake so.

Hajiya Mai Lambu, Kabala:
Sallama gare ku. Ni dai in ya bushe ku kawo mini. Ina noman alayyafo da latas da tumatir a bakin kogi, kuma kowa ya san inda buhun takin zamani ya kai. Lakar da Kogin Kaduna yake bari in ya janye bayan ambaliya ita ce ƙarfin fadamar nan tun iyaye da kakanni. Ban ga dalilin da za a biya tifa ta kai baƙar ƙasa juji ba alhali muna nema.

Malamar Lafiya:
Hajiya, don Allah ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, saboda latas ɗin nan ɗanye ake cinsa. Bushewa daban, mutuwar ƙwayar cuta daban. Kwatar cikin gari ba ruwan sama kaɗai take ɗauka ba, gidaje da yawa bututun banɗakinsu a ciki yake zuba. Rana tana rage ƙwayoyin amai da gudawa, gaskiya ne, amma ƙwan tsutsar ciki yana da ɓawo mai ƙarfi, yana iya yin watanni har shekaru a ƙasa da ransa. Ki ɗauki busasshen da ya yi garau ki murje a hannu, ƙwan yana nan. Mu muke ganin yaran da ake kawowa da kumburarren ciki da rashin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2006 ta ce bahayan da za a kai gona kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a kowane giram na busasshensa. Hanyoyin da ta bayar kuwa su ne a ajiye shi sama da shekara guda a yanayi mai zafi irin namu, ko a haɗa shi taki zafin cikinsa ya haura digiri 50 ya zauna a haka sama da mako guda. Mako biyu a rana bai kai ko kusa ba.

Kuma Sakatare, matasan nan da suke shiga har gwiwa, a saya musu takalmin roba da safar hannu tun kafin a yi maganar buhu. Ƙusa da fasasshiyar kwalba sun cika kwata.

Hajiya Mai Lambu, Kabala:
'Yar uwa na ji, kuma ban ƙi ba. Amma shekara guda a ajiye a ina? Wa zai yi gadinsa?

Mai Fond, Mando:
Hajiya, ta haɗa taki ta fi sauƙi gare ki. Ni lakar fond da ɓuntun shinkafa nake gauraya ta, wani lokaci da garin katako daga wurin masu yanka. Su suke shanye danshin su kuma buɗe wa iska hanya. In tsibin ya kama aiki, da sassafe za ki ga tururi na tashi, ki cusa hannu ki kasa daɗewa. Sai a riƙa juyawa, na waje ya koma ciki, don gefen tsibi ba ya ɗaukar zafi. Wata biyu zuwa uku ya yi baƙi, warin ya tafi. Amma tawa laka na san abin da ke ciki. Ta kwatar gari ni ban yarda da ita ba ko an haɗa.

Injiniyan Ruwa:
Ina bayan Mai Fond a nan. Zafin taki yana kashe ƙwan tsutsa, amma ba ya taɓa dalma. Kwatar da ta bi ta garejin kanikawa ko wurin masu gyaran batir tana ɗauke da baƙin mai da ruwan batir. Yankin Kakuri da Makera kuwa tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko yake wurin masana'antu, kuma ƙarafa masu guba kwanciya suke yi a cikin laka, ba sa ruɓewa. Busarwa ma tattara su take yi wuri ɗaya. Lakar irin waɗannan wurare kada ta je lambu sai an kai ta ɗakin gwaji. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a kan hanyar Mando, ga jami'o'i, akwai inda za a tambaya. In ba a gwada ba, a cike rami da ita ko a kai juji.

Ɗalibi, Kadpoly:
Iyayena ku gafarce ni, amma ina ganin duk hanyoyin da ake ta faɗa na da ne. Duniya ta wuce shanya. Akwai injin da ke matse laka tsakanin bel biyu, akwai mai wulwula ta da gudu ruwan ya rabu, akwai mai matsewa tsakanin faranti. Awa kaɗan sun gama abin da gadon yashi zai yi mako biyu, ba ruwansu da damina, ba sa cin fili. A Dakar ta ƙasar Senegal ma a 2015 an kafa injin da ke ƙona lakar masai ya fitar da wutar lantarki da ruwa mai tsabta. Me zai hana Kaduna?

Injiniyan Ruwa:
Ɗan'uwa, tambayarka a kan hanya take, kuma gari kamar Kaduna in ya samu babbar matatar ruwan ƙazanta dole a kai ga injin. Amma ka san abin da suke bayarwa. Mai bel yana kai laka kusan kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na busasshe, mai wulwulawa kusan 20 zuwa 30, mai faranti shi ya fi matsewa, yana iya kaiwa 30 zuwa 45. Babu wanda yake busarwa ƙarau a cikinsu, abin da ke fitowa danƙararriyar laka ce, kuma ƙwan tsutsar da Malama ta faɗa yana ciki. Yawanci sai an zuba sinadarin folima don lakar ta dunƙule, shi kuma daga waje ake shigo da shi. Sai wutar da ba ta ɗaukewa. Sai kayan gyara. Yashi kuma abokin gabarsu ne, yana cinye ƙarfen mai wulwulawa, ga shi dagwalon Sakatare kusan duk yashi ne da leda.

Busarwa da wuta kuwa tana kai kashi 90, tana kashe cuta, amma yi lissafi. Mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin zafi kilojul 2,260 (ma'aunin makamashi ke nan). Litar dizal ɗaya, ko ba a yi asarar zafi ko kaɗan ba, ba za ta ƙafar da ruwa fiye da lita 16 ko makamancin haka ba. Ruwan nan kilo 900 da na ambata, in da wuta za ka cire shi, sama da lita 50 ta dizal ke nan a kan abin da yashi yake tsanewa kyauta. Shi kansa injin Dakar ba ruwa tsululu ake ɗura masa ba, sai an fara rage ruwan lakar a gadon shanya.

Baba, Tsohon Ma'aikacin Gidan Ruwa:
Allah ya yi muku albarka, na daɗe ban karanta magana mai amfani irin wannan ba. Bari in ƙara da abin da na sani. Ruwan Kogin Kaduna da damina ja yake zuwa, sai an zuba alam da yawa kafin ya kwanta. Abin da ke taruwa a ƙasan tanki yauƙi gare shi, riƙe ruwa yake yi ba ya saki. Ka zuba shi a fili, wata guda sama ta bushe ƙasa na rawa. Irin wannan tafki ake haƙa masa, biyu ko uku, ana cika ɗaya ana barin ɗaya, a riƙa zare ruwan da ya taso sama, a bar rani ya yi sauran. A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce take musu aikin, in lakar ta daskare ta narke sai ta saki ruwan. Mu namu sai haƙuri da fili.

Hajiya, ita ma wannan kada ki yi kwaɗayinta. Alam yana kama sinadarin fosfaras ya hana shuka samu.

Sakatare ɗana, kai kuma matsalarka ta lokaci ce kafin ta zama ta hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuna jira sai hadari ya fara haɗuwa a Afrilu sannan ku fito. Ku yi yasarku a Fabrairu ko farkon Maris, lokacin ruwan kwatar ma ya ja baya.

Sakataren Unguwa, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ne, amma in an yashe da wuri mutane suna sake cika ta da shara kafin ruwa, sai matasan su karaya.

Baba, Tsohon Ma'aikacin Gidan Ruwa:
Shara ta sama ce, rana ɗaya an tsince ta. Lakar ƙasa ita ce mai nauyi, ita za ku fitar da rani.

Ɗalibi, Kadpoly:
To in injin bai yiwu ba, rumfar leda fa, irin ta masu noman tumatir? Na karanta ana busar da laka a ciki har da damina.

Injiniyan Ruwa:
Wannan na yarda da ita, da sharaɗi. Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gado mai murabba'in mita 50, ruwa ɗaya na milimita 30 ya zuba masa lita 1,500 a dare guda. Don haka gadon da ba rufi a watan Agusta bai da amfani. Amma rufin sama kawai ake so, gefe a buɗe. In ka rufe ruf da leda zafi zai taru, danshi ma ya taru, ka ga raɓa tana ɗiga daga ledar tana komawa cikin lakar. Iska ce take kwashe danshi. Kwano mai haske ko leda mai kauri a sama, a bar iska ta ratsa, a riƙa juyawa.

Akwai kuma gadon da ake shuka ciyawar fadama a kai, irin su kachala. Saiwarta tana huda lakar ruwa ya riƙa wucewa, ganyen yana zuƙe danshi, ana ta zubawa a kai sai bayan shekara 3 zuwa 5 a kwashe. Ga masu motar yasa ya fi sauƙin kula.

Mai Fond, Mando:
Injiniya, ban da kachala don Allah. Je ka tambayi mutanen Hadejia da Nguru abin da ta yi wa koguna da gonakinsu. Irinta iska ke ɗauka. Kada mu je gyara mu jawo wa fadamar Kaduna masifa.

Injiniyan Ruwa:
Tsoronka yana da tushe. Ana yanke ta kafin ta yi fure, kuma akwai wasu ciyayin fadama da suke yin aikin. In ba a tabbatar da mai yankan ba, gara a zaɓi wata.

Direban Motar Yasa:
Wasu abokan aikinmu farar ƙasa ta laim suke watsawa, wasu toka. Yana busarwa ne ko wari kawai yake kashewa?

Malamar Lafiya:
Duka biyun yana taimakawa, in an zuba isasshe aka gauraya sosai, ba a barbaɗa a sama ba. Laim yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ƙwan tsutsa sai an bar shi watanni a ciki. Yana kuma ƙona fata da ido, kada a taɓa da hannu tsirara.

Mai Fond, Mando:
Kuma yana korar ƙarfin takin. Warin da ke hawa kai in an zuba laim, sinadarin da ganye yake so ne yake tashi.

Sakataren Unguwa, Tudun Wada:
Har yanzu ba a ce komai a kan buhu ba, kuma shi ne muke da wurinsa.

Injiniyan Ruwa:
Gare ku shi ne ya fi dacewa. Manyan kamfanonin yasar kogi suna da irinsa, dogayen jakunkuna na saƙaƙƙen zare da ake ɗura laka da famfo, ruwa ya fita ta saƙar, ƙasa ta tsaya a ciki. Kamar dai yadda ake zuba awara a ƙyalle a ɗaure a danne ne. Ku fara tsince leda da kwalba. Ku cika buhu rabi ko ya ɗan fi, don cikakke ba ya ɗaguwa kuma yana fashewa. Ku ɗaure baki, ku jera a kan katako ko tsakuwa daf da bakin kwatar yadda ruwan zai koma ciki, ba kan titi ba. In na ƙasa ya ɗan tsane a ɗora wani a kai, nauyin na sama yana matse na ƙasa. Tunda yashi ya fi yawa, kwana uku zuwa biyar ya daina ɗiga, mai tifa ba shi da abin cewa. Ba zai bushe ƙarau a buhu ba, kuma ba ku buƙatar hakan. Abin da kuke buƙata ya ɗauku. Ku yi magana da mai tifa ku tsayar da rana tun kafin a shiga kwatar, ku kuma tambayi KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, inda aka yarda a zubar. Rana tana cin buhu, in ya yi makonni a waje yayyagewa zai yi.

Hajiya Mai Lambu, Kabala:
To ni na haƙura da ta kwata. Mai Fond, taka ta fond ɗin fa, kana sayarwa?

Mai Fond, Mando:
Hajiya in kin turo mota ki ɗiba, sai dai ki haɗa da ɓuntu yadda na faɗa. Sakatare, ina da tarin buhunan abincin kifi, in kuna so ku aiko yara su kwasa.

Injiniyan Ruwa:
Mai Fond, a duba su tukuna. Yawancin buhunan abincin kifi akwai leda manne a jikinsu don kada danshi ya shiga, irin waɗannan ba za su tsane ba. Ku ɗaga buhun sama, in kuna hango haske ta cikin saƙar to ya yi. Tsofaffin buhunan masara ko na gawayi sun fi, kuma ana samunsu da araha a Kasuwar Bacci.

Sakataren Unguwa, Tudun Wada:
Madalla. Zan kai wa kwamiti bayan sallar Juma'a. Malam direba, in ka san mai tifa da zai yarda a yi ciniki da shi tun yanzu, ka turo mini ta akwatin sirri.